Tabarau a Ɗakin Wankin Ƙuna: Yadda Ɗauke Hankali Ke Rage Raɗaɗi, da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa ta lulluɓe Sakkwato da hazo, wuta takan matso kusa da jikin mutane fiye da kowane lokaci a shekara. Ana shigar da kaskon garwashi ɗaki, almajirai da masu gadi suna kewaye wutar kara da asuba, ana ɗora ruwan wanka tun kafin kiran assalatu, kuma tukunyar kunu takan sauka ƙasa daidai inda yaro mai rarrafe yake wasa. A kan wannan akwai ruwan wankan jego, da fetur da ake ajiyewa cikin jarka a bayan ƙyaure, da tukunyar gas da ta shigo gidaje da yawa kafin sanin yadda ake kula da ita ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 duk shekara, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan adadi a Afirka da kudu maso gabashin Asiya yake. Mu a Arewa ba mu manta da tankar man da ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa cikin Oktoban 2024 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 150, ko wadda ta biyo bayanta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja cikin Janairun 2025. Waɗanda suka rasu an ƙidaya su, an yi musu addu'a. Waɗanda suka tsira kuwa an kwashe su zuwa asibitoci, inda wata jarrabawa ta daban take jiransu kowace safiya.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ya san wannan jarrabawa, wato wankin ciwo. Wutar kanta takan gama aikinta cikin daƙiƙoƙi, amma wankin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Sai an kwance bandejin da ya manne da nama, an jiƙa shi an ɓamɓare shi sannu a hankali, an cire matacciyar fata da hantsaki da almakashi, an goge mikin da ruwan gishiri, sannan a shafa magani a sake naɗewa. Ba mugunta ce ta sa ake yin haka ba, domin mataccen nama shi ne gidan ƙwayoyin cuta, kuma ruɓewar miki ita ce ke kashe da yawa daga cikin waɗanda suka tsallake kwanakin farko. Abin da yakan ba mutane mamaki shi ne, ƙunar da ta fi zurfi, wadda ta cinye fata gaba ɗaya ta bar wurin fari ko baƙi kamar ƙirgi, sau da yawa ba ta kai mai matsakaicin zurfi zafi ba, saboda ta ƙone jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. A mai matsakaicin zurfin, bakunan jijiyoyin suna nan da ransu, a buɗe, babu abin da ya rufe su, har iskar fanka ma tana iya sa mutum ya yi ƙara. Shi ya sa masu ƙuna da yawa suke cewa wankin ya fi musu wutar ciwo, kuma da zarar sun ji ƙarar keken kayan wanki a baranda, jikinsu yakan fara rawa tun ba a taɓa su ba.

Likitoci suna da magunguna don wannan. Akwai mofin da danginsa, akwai fentazosin da aka fi samu a asibitocinmu, akwai ketamin, allurar barci da ake yi wa wanda wankinsa ya yi girma. Kowanne yana da iyakarsa. Adadin mofin da zai danne zafin wanki na minti 20 yana iya barin mutum cikin gyangyaɗi da tashin zuciya har yamma, yana ɗaure ciki, yana iya rage numfashi, kuma jiki yakan saba da shi har a bukaci ƙari. Allurar barci kuwa takan bukaci a hana marar lafiya abinci na wasu sa'o'i, alhali mai babbar ƙuna yana bukatar ci fiye da manomi a tsakiyar damina, domin da abinci jiki ke gina sabuwar fata. Wannan a inda magungunan suke ke nan. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa a duniya, kuma Nijeriya tana can ƙasan jerin. Giɓin da magani ya bari, da baki muke cike shi. Nas ta ce, "Yi haƙuri, Baba, an kusa." Uwa ta ce wa ɗanta, "Daure mana, kai fa namiji ne." Maza biyu su danne ƙafafu, a ci gaba da aiki.

A wannan giɓi ne wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a birnin Siyatil na Amurka suka gwada wani abu da a farko ya yi kama da wasan yara. Hunter Hoffman na Jami'ar Washington yana aiki da na'urar da ake kira VR a taƙaice, David Patterson kuma yana kula da raɗaɗin masu ƙuna a asibitin Harborview, suka haɗa kai a 1996. Na'urar wani babban tabarau ne da ke rufe idanu ruf, da ƙananan allunan hoto a ciki, ɗaya ga kowane ido, da abin jin sauti a kunne. Idan mai sanye da shi ya juya kansa dama, hoton yakan juya tare da shi, idan ya ɗaga kai ya ga sama, ta yadda ƙwaƙwalwa takan ɗauka cewa mutum yana cikin wurin ne, ba kallonsa yake yi daga waje ba. Da Hausa za a iya kiransa tabaran gizo, tunda mukan ce abu yana yi wa mutum gizo idan yana ganinsa alhali babu shi. Sunan ma ya dace ta wata fuskar, domin duniyar farko da aka saka masu ƙuna a ciki an gina ta ne don yi wa masu tsoron gizo-gizo magani: ɗakin girki ne da gizo-gizo ke yawo a cikinsa. Rahotonsu na farko ya fito a mujallar Pain a shekarar 2000, a kan samari biyu da ake yi wa wankin ƙuna. An ba kowannensu 'yan mintoci yana wasan Nintendo a talabijin, da 'yan mintoci cikin tabaran, a wanki guda, bayan an ba shi maganinsa kamar kullum. Dukansu sun ce zafin ya ragu sosai a cikin tabaran fiye da lokacin wasan.

Ɗakin girki ba wurin da ya kamata a mai da wanda wuta ta ƙona ba ne, don haka suka gina wata duniya musamman domin wannan aiki, suka sa mata suna SnowWorld. Marar lafiya yakan ga kansa yana shawagi a hankali cikin wani kwazazzabo na ƙanƙara, ga kogi a ƙasa, ga dusar ƙanƙara tana zuba, komai fari da shuɗi. A gefe akwai mutum-mutumin ƙanƙara da tsuntsayen yankin sanyi da wasu giwaye masu gashi irin na zamanin da, shi kuma aikinsa ya riƙa jifansu da curin ƙanƙara, su ma suna ramawa, kiɗa yana tashi a kunnensa. An sauƙaƙa wasan da gangan, saboda wanda ke cikin ciwo kuma ya sha magani mai sa maye ba zai iya bin dokoki masu sarƙaƙiya ba. Bayan kowane zango sai a yi masa tambayoyi, ya ba da maki daga 0 zuwa 10: mene ne mafi tsananin zafin da ya ji, yaya rashin daɗin abin ya kai, kuma tsawon wane lokaci ya ɗauka yana tunanin ciwon. A jerin gwaje-gwajen da wannan rukuni ya yi cikin shekaru, ragin da marasa lafiya suka faɗa yakan kama daga kashi 35 zuwa 50 cikin 100.

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya hoto zai rage zafin naman da ake gogewa, alhali mikin yana nan, hantsakin yana nan? Amsar tana cikin yadda jiki ke haifar da ciwo. An daɗe ana ɗaukar jijiya kamar igiyar ƙararrawa, in an ja ta da ƙarfi a fata sai ta buga da ƙarfi a kai, ba ragi ba ƙari. Abin da ake gani a rayuwa ya saɓa wa haka. Ɗan damben da ke tsakiyar fage, kalangu na tashi, ana yi masa kirari, yakan sha naushin da zai fasa masa leɓe bai ko san an yi ba, sai ya koma gida dare ya yi sannan ya kasa tauna tuwo. Wani likitan sojan Amurka, Henry Beecher, ya lura da irin haka a fagen daga na Anziyo a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma rubuta a 1946 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na sojojin da suka ji munanan raunuka ba su nemi maganin kashe zafi ba da aka yi musu tayi. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin da ya sauya fahimtar likitoci: a cikin lakar gadon baya akwai wani abu mai kama da ƙofa, wadda saƙon ciwo ke bi kafin ya hau zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ƙofa tana iya buɗewa sosai ko ta tsuke. Shafa wurin da aka buge yana tsuke ta, shi ya sa hannu ke kai kansa ga goshin da ya yi karo da ƙyaure. Saƙonnin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa su ma suna taɓa ta. Tsoro da zullumi suna wangale ta, natsuwa da shagala suna rage ta. An gyara sassa da dama na wannan bayani daga baya, amma ginshiƙinsa ya tsaya.

Daga nan hujjar Hoffman da abokan aikinsa take tasowa. Hankalin mutum yana da iyaka, kamar ruwan rijiya guda da ake rabawa tsakanin gonaki: abin da ya tafi wannan kwami bai tafi wancan ba. Ciwo yana bukatar hankali kafin a ji shi da cikakken ƙarfinsa, kuma a ɗakin wanki babu abin da ke gogayya da shi, domin idon marar lafiya yana kan mikinsa, kunnensa yana kan ƙarar almakashi, hancinsa yana shaƙar warin magani. Wannan ilimi ba baƙo ba ne a gidajenmu. Uwar da ta kai jariri rigakafi takan ba shi nono daidai lokacin da allura za ta shiga, wanzami yakan sa a ce wa yaro ya dubi wani abu a sama kafin aska ta sauka, manoman gayya kuma sun san abin da ganga ke yi wa gajiya. Bambancin tabaran gizo da waɗannan dabaru na yawa ne. Yana toshe ganin ɗakin gaba ɗaya, yana cika ido da kunne a lokaci guda, sannan yana ba mutum aikin yi wanda ke neman ya yanke shawara kowace daƙiƙa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa rabo: tabarau mai faɗin gani ya fi mai ƙuntataccen gani rage zafi, kuma wanda ke jifa da kansa ya fi wanda aka bari yana kallo kawai samun sauƙi.

Akwai shakka guda da ta cancanci a tsaya a kanta, musamman a wurinmu da marar lafiya ke jin nauyin likita. Mai yiwuwa ne mutum ya ce zafi ya ragu don kawai ya faranta ran wanda ya kawo masa sabuwar na'ura. Don amsa wannan, a 2004 rukunin Siyatil ya ƙera tabarau marar ƙarfe wanda zai iya shiga na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa mai aiki da maganaɗisu, aka sa masu sa-kai masu lafiya a ciki, aka ɗora musu wani abu mai zafi a ƙafa gwargwadon abin da za su iya jurewa ba tare da rauni ba. Hoton ya nuna cewa sassa biyar na ƙwaƙwalwa da aka san suna motsawa idan ana jin ciwo sun rage motsi lokacin da mutanen ke cikin SnowWorld, daidai da abin da suka faɗa da bakinsu. Wani gwaji na 2007 ya kwatanta tabaran shi kaɗai, da maganin dangin mofin shi kaɗai, da kuma haɗin biyun, aka ga haɗin ya fi kowannensu. Wannan sakamako na ƙarshe shi ne, a ganina, mafi muhimmanci cikin duk labarin, kuma shi ne aka fi tsallakewa idan ana ba da shi.

Daga baya an kai na'urar asibitin soja na Brooke da ke San Antoniyo a jihar Texas, inda ake jinyar sojojin da bama-bamai suka ƙona a Iraƙi da Afganistan. A 2019 kuma aka wallafa wani nazari daga asibitin yara na Shriners da ke Galveston, a kan yara 48 masu shekaru 6 zuwa 17, galibinsu daga ƙasashen Latin Amurka, masu manyan ƙuna. Makin mafi tsananin zafi ya sauko daga sama da 8 zuwa kusan 5 a mintocin da suke cikin tabaran. Biyar ba sifili ba ce, yaron yana jin ciwo har yanzu. Sai dai tsakanin 8 da 5 akwai tazarar da ke raba yaron da sai an danne shi da yaron da zai miƙa hannu da kansa. A Nuwamban 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura ta wannan fanni domin ciwon baya mai daɗewa, abin da ya nuna cewa hukumomi sun daina ɗaukar lamarin a matsayin wasa, ko da yake ciwon baya da wankin ƙuna ba abu ɗaya ba ne.

Duk da haka, hujjojin suna da raunin da bai kamata a ɓoye ba. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, na mutum goma ko 'yan gomomi, da yawansu kuma daga hannun mutanen da suka ƙirƙiro dabarar suka fito. A gwajin ƙwayar magani ana iya ba wani ta gaske, a ba wani ta gari, ba tare da sun sani ba, amma babu yadda za a ɗaura wa mutum tabarau a fuska bai sani ba. Zangon da ake aunawa sau da yawa 'yan mintoci ne, alhali wankin babbar ƙuna yana iya kai awa guda. Gwajin da ya fi kusa da halinmu shi ne wanda masu bincike na Jami'ar Stellenbosch suka yi a asibitin Tygerberg na Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2010, inda suka yi amfani da na'ura mai araha a kan manya 11 lokacin motsa gaɓoɓi. Sun ga cewa ana iya aiki da ita a asibitin gwamnati mai cunkoso, amma bambancin zafin da suka samu bai kai girman da za a kafa hujja da shi ba. Ko dai mutanen sun yi kaɗan, ko kuma arahar na'urar ta rage mata ƙarfi, kuma wannan zato na biyu ya dace da abin da aka riga aka gani game da faɗin gani.

Inda nake ganin na'urar za ta fi yi mana amfani shi ne wajen gashin ƙashi, fiye ma da wankin kansa. Fatar da ta ƙone idan tana warkewa takan tattare ta ja, kuma in ƙunar ta ratsa gaɓa, kamar gwiwar hannu ko hammata ko wuya ko yatsu, sai gaɓar ta ƙage a lanƙwashe muddin ba a riƙa miƙe ta kullum ba. Miƙewar tana da zafi ƙwarai, marar lafiya yakan ƙi, 'yan'uwa su tausaya masa su ce a bar shi ya huta, bayan wata shida kuma a wayi gari yarinya ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali, ko yaro yatsunsa sun manne da tafin hannu ba ya iya riƙe alƙalami. Kowa a garin nan ya taɓa ganin irin wannan hannu. Gyaransa sai da tiyata da dashen fata, da kuɗin da yawancin gidaje ba su da shi. A lokacin motsa gaɓa miki yana rufe, babu ruwa, babu jini, zangon gajere ne, kuma ba kasafai ake ba da magani mai ƙarfi dominsa ba, saboda haka duk abin da zai sa mutum ya yarda a miƙe masa hannu na minti goma riba ce da za ta bi shi har tsufa. Haka nan tsoron wanki yana cikin abubuwan da ke sa wasu iyalai su ɗauke marar lafiyarsu daga asibiti kafin lokaci su koma ga maganin gida, ko da yake kuɗi ne kan gaba a wannan.

Kawo na'urar wuri irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na jiha ba zai gagara ta fuskar kuɗi kamar da ba. Kayan da aka fara aiki da su a shekarun 1990 sun ci dubban daloli masu yawa, amma bayan Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera irin wannan tabarau a 2014 farashi ya faɗi, har a 2020 aka fitar da wani tabarau mai suna Quest 2 a kan dala 299, mai batirinsa, wanda ba ya bukatar kwamfuta ko intanet da zarar an zuba masa wasan. Matsalolin suna wani wajen. Mafi yawan waɗanda ruwan zafi da kunu ke ƙonawa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma su ne tabaran bai dace da kansu ba, ba kuma za su fahimci abin da ake so su yi ba. Wani kaso sananne na manyan da ke faɗawa wuta masu farfaɗiya ne, waɗanda ciwon ke kayarwa a bakin murhu, kamfanonin da ke ƙera na'urar kuwa da kansu suna gargaɗin cewa walƙiyar hoto tana iya tayar da farfaɗiya. Wanda wuta ta ci fuskarsa ko kansa ba za a ɗaura masa komai ba, shi ya sa a Amurka aka ƙera wani hannu na ƙarfe da ke riƙe tabaran a gaban ido ba tare da ya taɓa fata ba. Wasu mutane jiri da tashin zuciya yake sa su. Sannan ga babbar magana ta tsafta: abin da ya taɓa fuskar wannan ya koma fuskar wancan, a ɗakin da ƙwayar cuta ke iya kisa, dole a goge shi da maganin kashe ƙwayoyi kowane karo, a kuma cire soson da ke shan gumi a sa abin da ake iya wankewa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, gumin ba kaɗan ba ne, na'urar ma kanta takan yi zafi.

Akwai kuma tambayar abin da za a nuna. An zaɓi ƙanƙara ne domin ita ce kishiyar wuta a tunanin mutumin da ya tashi yana wasa da ita. Dattijuwar da aka kawo daga Gwadabawa ko Tangaza ƙanƙarar da ta sani ita ce wadda ke faɗowa da ruwan sama ta lalata gero, sai kuma ta cikin kula a kasuwa. Kalmar sanyi ma fuska biyu gare ta a Hausa: mukan ce mun ji sanyi a rai idan hankali ya kwanta, amma sanyi sunan cuta ne kuma, kuma mutane da yawa sun yi imani cewa shi ke tayar da tsohon ciwo. Mai yiwuwa baƙuntar wurin ta ƙara ɗauke hankali, mai yiwuwa kuma ta tsorata wadda ba ta taɓa riƙe wayar zamani ba. Da a ce ni ake tambaya, da na so a gwada kwalekwale a kan gulbin Rima bayan damina, ko fadamar Kware da sassafe, da aikin kamun kifi da ƙwarya ko korar tsuntsaye daga gonar shinkafa, tunda abin da ake bukata shi ne hannu da ido su samu abin yi. Matasan da ke koyon ilimin kwamfuta a jami'o'inmu za su iya gina irin wannan. A nan ya kamata a yi wata 'yar tunatarwa, kada labarin ƙanƙara ya rikita wani: ƙanƙarar ta ido ce kawai. Ɗora ƙanƙara ta gaske a kan sabuwar ƙuna yana ƙara lalata fata. Abin da ake so shi ne ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a riƙa kwararawa har kimanin minti 20, ba ɗanyen ƙwai ba, ba man goge baki ba, ba gashin zomo ko baƙin mai ba.

Rufe wa mutum ido yayin da jikinsa ke buɗe ba ƙaramin abu ba ne. Matar aure da ruwan jego ya ƙona wa cinya ba za ta yarda a toshe mata gani da ji ba sai in ta tabbata wace ce a ɗakin, kuma hannun mahaifiyarta ko yayarta yana cikin nata. Wanda bai san na'urar ba, aka sa masa ba bayani, ya ga kansa yana shawagi a sama bayan ya sha maganin da ke juya kai, yana iya fassara abin da wata fassara ta daban, ya fizge ya ji wa kansa ciwo. Dole a nuna masa ita tun daren jiya, lokacin da babu wanki, ya sa ya cire da hannunsa, mai jinyarsa ma ta leƙa ta gani, a kuma gaya masa cewa duk lokacin da ya ce a cire za a cire. Wasu ma sun fi son su ga abin da ake yi musu, domin ganin yana ba su natsuwa, kuma waɗannan a ƙyale su.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za a karanta wannan labari a ƙasar da maganin kashe zafi ya riga ya yi ƙaranci. Tun bayan da gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, da kuma yaƙin da ake yi da tiramadol, tsoron duk wani magani mai sa maye ya ƙaru a zukatan jama'a, har wasu iyalai kan ƙi a yi wa nasu allurar da yake matuƙar bukata don kada ya zama ɗan ƙwaya. Tsoron yana da tushe, mun ga abin da ƙwaya ta yi wa matasa. Amma a cikin irin wannan yanayi, na'urar da aka ce tana rage zafi ba tare da magani ba tana iya zama uzuri, a saya guda biyu a ɗauki hoto, a ce an magance matsala. A gwaje-gwajen asibiti da aka ambata a sama, tabaran ƙari ne a kan maganin da aka riga aka bayar, kuma ragin da aka auna ragi ne daga abin da maganin ya bari. Wanda ya ɗaura wa yaro tabarau a madadin allura ya yi abin da masu binciken ba su gwada ba.

Kafin a sayi ko guda ɗaya, akwai matakin da ba ya cin ko kwabo, wato a fara auna zafin a rubuta shi a katin marar lafiya kamar yadda ake rubuta zafin jiki da hawan jini, domin in ba a san inda aka tashi ba, ba za a gane ko na'urar ta yi aiki ba. A nan ma sai an yi dabara. Bahaushe ko Bafulatani da aka tambaya ya jiki, amsarsa "da sauƙi" ce ko da yana cizon leɓe, kuma a yankin da ake girmama wanda ya sha bulalar sharo yana murmushi, namiji ba zai so ya ce zafinsa ya kai 9 a gaban surukinsa ba. Ga yara akwai katin fuskoki, daga mai sakin fuska zuwa mai tsananin ɗaurewa, yaro ya nuna wadda ta yi kama da abin da yake ji. Ga manya kuwa, cikin tambayoyi ukun da rukunin Siyatil ke yi, ta ukun ce ta fi dacewa da mu, domin ba ta taɓa dauriyar kowa. Nas za ta iya jira har 'yan'uwa su fita, ta ce, "Baba, lokacin da nake wanke maka ƙafa, hankalinka yana kan ciwon ne tun daga farko har ƙarshe, ko rabin lokacin, ko kuwa jifa-jifa?" Dattijon da ba zai taɓa cewa ya ji zafi ba yana iya amsa wannan ba tare da ya ji kunya ba, ita kuma ta rubuta, gobe ta sake tambaya.